Kofur Guduma Ya Koma Aji

A duk bataliyar babu wanda bai san Kofur Guduma ba. Tun yana kurtu ya sami sunan, ranar da mabuɗin ɗakin ajiye takalma ya ɓata, ya sa kafaɗa sau ɗaya ƙofar ta faɗi ciki. Shekararsa goma sha ɗaya a sojan ƙasa. Yakan yi tafiyar yini guda da kaya a bayansa bai ce wash ba, yakan kwance bindigarsa ya mayar da ita ido a rufe. Abu ɗaya ne yake sa shi gumi yana zaune, shi ne lissafi.

Sai kuma Allah ya haɗa shi da malamar lissafi. Matarsa tana koyarwa a sakandaren da ke bayan bariki, kowa Malama yake ce mata, har shi kansa. Suna zaune a layin masu iyali, ɗaki biyu da falo da ɗan tsakar gida, tare da mahaifiyarsa, Inna, wadda ta zo jinyar ƙafa shekara biyu da suka wuce. Ƙafa ta warke tuntuni, Inna kuwa ta ce ba ta ga abin da zai tashe ta ba.

Wata Litinin da safe mota ta sauke dogayen akwatuna a gaban ɗakin makamai. Kyaftin ɗinsu ya tara sojoji a inuwa, ya buɗe akwati ɗaya, ya ɗago wata bindiga mai dogon baki da madubin hangen nesa a samanta.

"Yaƙin yanzu ba irin wanda muka saba ba ne," in ji shi. "Ƙaramin jirgi marar matuƙi ne zai gan ka daga sama, sai kawai ka ji wuta daga kan tudun da ko mutum ba ka hangowa. Wadda ke hannunku tana aiki da kyau zuwa mita ɗari uku. Wannan tana kai ɗari takwas, in mai riƙe da ita ya san abin da yake yi."

Ya karanta sunayen mutum goma sha biyu da za su yi kwas na mako shida. Guduma ne na uku. Bakinsa ya ƙi rufuwa, har abokinsa Tsinke, wani siririn soja mai tsokanar tsiya, ya zungure shi ya ce ya rage kada ƙuda ya shiga.

Daga nan Kyaftin ya raba musu wani ɗan littafi. Guduma ya buɗe, ya ga lambobi jere kamar tururuwa.

"Akwai na'urar da ke auna nisa," Kyaftin ya ci gaba, "amma da batir take aiki, batir kuwa yakan mutu a ranar da ka fi bukatarsa. Saboda haka ranar jarrabawa zan cire shi da hannuna. Kowa da kansa zai yi lissafi."

Murmushin Guduma ya koma ciki.

Kwana uku yana yawo da littafin a aljihun wando. Ranar Alhamis da yamma Malama tana falo tana duba takardun ɗalibai, ya zo ya zauna a hannun kujera, ya yi gyaran murya sau biyu.

"Malama, wani abokina ne yake da 'yar matsala."

"Allah sarki. Wace iri?"

"Ta lissafi. An ba shi wannan, shi kuma kansa ba ya ja sosai."

Ta karɓi littafin, ta buɗe shafin farko. Sunansa da lambarsa suna nan ɓaro-ɓaro da rubutunsa. Ta ci gaba da juya shafi.

"Abokin nan naka, ya iya ninkawa?"

"Yana taɓawa."

"Rabawa fa?"

"Nan ne suke samun saɓani."

Inna tana kan tabarma tana yanke farce. Ba ta ko ɗago ba ta ce, "'Yar nan, ki taimaki abokin. Na san shi tun yana rarrafe. Da ya ji ranar lissafi ce sai ciwon ciki ya kama shi."

Malama ta kifa fuska a kan takardu tana dariya har da hawaye. Guduma ya miƙe zai fita, ta riƙo rigarsa.

"Zauna, Kofur. Wannan fa bai kai abin da 'yan aji biyu suke yi ba. Mako shida ya yi mana yawa."

Washegari ta dawo daga makaranta da ƙaramin allo da alli. Ta samo wani kwali mai kamar bututu, ta liƙa guntun rula mai haske a bakinsa, ta ce ya leƙa. Ta sa ya kalli tankin ruwan maƙwabta, sannan ya kalli na ƙarshen layi, wanda girmansu ɗaya.

"Na kusa layi nawa ya rufe?"

"Shida."

"Na nesa fa?"

"Uku."

"To tankin ne ya ƙanƙance?"

"A'a, nisa ne ya ƙaru." Ya sauke kwalin a hankali. "Ya ninka biyu ke nan?"

"Shi ke nan abin da littafin yake ta faɗi a shafi goma. Madubin bindigarku yana da layuka irin waɗannan a ciki, sai dai nasu an auna su daidai. Tsayin abu sau dubu, ka raba da yawan layukan da ya rufe, ka sami nisansa."

Ya sake leƙawa, ya sake saukewa. "Shekara shida ina makaranta babu wanda ya ba ni kwali."

Inda aka sha fama shi ne ɗigo. Guduma ya ɗauki ɗigon lissafi kamar ƙazantar ƙuda, ya sa shi inda ya ga dama, wani lokaci ya manta da shi ɗungurum. Akwai ranar da ya auna ƙofar gidansu daga bakin titi, ya samu tana da nisan kilomita huɗu. Inna ta ce to lallai shi ya sa yake makarar cin abinci.

Ya ji haushi ranar, ya ture allon. Malama ta bar shi ya huce, ta kawo masa shayi, ta zauna kusa da shi.

"In abin ya dame ka haka, ka ce a cire sunanka mana. Babu wanda zai ce kai ba soja ba ne."

Ya daɗe yana juya kofin a hannu. Bai cika yi mata zancen fagen daga ba.

"Kin tuna lokacin da Tsinke ya yi wata biyu a asibiti? Awa huɗu muka yi a kwance a bayan duwatsu. Abokan gaba suna kan tudu suna ta sako mana wuta. Mu ma muna harbi, amma ina ganin ƙurar da harsashinmu yake tayarwa a gindin tudun, ko rabin hawa bai yi ba. A kafaɗa na fito da Tsinke. Ƙarfina bai amfane mu da komai ba sai ɗaukar mutum." Ya ajiye kofin. "Ba na son in sake kwanciya irin wannan."

Malama ta jawo allon, ta goge shi da gefen mayafinta, ta miƙa masa alli.

"Ɗaya da rabi sau dubu. A hankali."

A mako na biyu Tsinke ya biyo shi gida, wai ya zo gaida Inna. Gaisuwar ta yi awa biyu, littafinsa a buɗe a kan cinya. Kashegari ya zo da mutum biyu. Kafin mako na uku ya ƙare, mutum tara ne suke cika falon da ƙarfe biyar na yamma, manyan takalmansu a jere a bakin ƙofa. Kujeru ba su isa ba. Ƙarti suka zauna a ƙasa suka naɗe ƙafa, kowa da fensir a bayan kunne. Inna ta naɗa kanta mai tsawatarwa. Duk wanda ya leƙa littafin wani sai ta doke shi da mafici, ba ruwanta da igiya nawa ce a hannun rigarsa.

Da suka zo kan faɗuwar harsashi, suka yi ta gardama. Wani ya rantse harsashi a miƙe yake tafiya har ya isa. Malama ta ce su fito tsakar gida. Ta haɗa tiyo da famfo, ta ajiye bokiti a bakin ƙofar waje, ta miƙa wa Guduma.

"Nuna bakin tiyon daidai kan bokitin."

Ruwan ya tafi, ya lanƙwasa, ya zube a tsakiyar hanya.

"Ka gani? Ƙasa tana jan sa tun daga fitowarsa. Harsashi ma haka ne, sauri kawai ya fi shi. Yanzu ya za ka yi?"

"In ɗaga."

Inna ta ce daga bakin ɗaki, "Wannan ai duk wanda ya taɓa jifan mangwaro ya sani. Har sai an buga muku littafi?"

Guduma ya ɗaga bakin tiyon, ya danne shi da babban yatsa. Ruwan ya tashi sama ya yi baka mai kyau, iska ta ɗan ture shi dama, ya wuce bokitin. A daidai lokacin ƙofar waje ta buɗe, Saje ya shigo.

Saje shi ne mai kula da horonsu, tsohon soja mai gashin baki, wanda muryarsa kaɗai take sa kurtu ya manta hagu da dama. Shi ma yana cikin goma sha biyun. Ruwan ya sauka a kan hularsa, ya gangaro ta gashin baki, ya jiƙe kakinsa mai guga.

Mutum tara suka ƙame. Guduma ma ya ƙame da tiyo a hannu, ruwa yana ta zuba a ƙafarsa.

Saje ya cire hula, ya matse ta, ya dubi bokitin, ya dubi Guduma.

"Ba ka cire iska ba, Kofur."

"Haka ne, Saje."

"Na sami labarin ana taro a gidan nan ba da izini ba. Bincike na zo."

Malama ta kashe famfo. "Bismilla, Saje, shigo ka bincika. Sai dai kujera ta ƙare."

Inna ta turo masa kujerarta 'yar tsuguno da tawul. Ya zauna a can baya, gwiwoyinsa kusan a haɓarsa. Bayan kamar minti goma ya zaro wani littafi daga cikin riga, wanda duk gefensa ya sha goge-goge. Bayan wasu goman ya ɗaga hannu.

"Malama, in layukan biyu da rabi ne, yaya ake rabawa da rabi?"

Babu wanda ya yi dariya, ko Tsinke. Binciken Saje bai ƙare ba sai ranar da kwas ya ƙare.

Da safe suna filin harbi suna koyon kwanciya da numfashi da jan kunamar bindiga a hankali. Da yamma suna falon Malama. Ta koya musu karanta jadawalin da ke nuna sau nawa za a murɗa maɓallin madubi a kowane nisa. Iska kuwa a igiyar shanya suka koye ta. In zanin gado yana ɗan motsi, kaɗan ce. In ya tashi ya kwanta a gefe, da ƙarfinta. Matan layin suka fara mamakin abin da ya sa sojoji goma sha ɗaya suke tsayawa suna kallon shanyarsu da fensir a hannu, har sai da Malama ta bi gida-gida ta yi bayani.

Ranar jarrabawa gari ya waye da iska daga hagu. Kyaftin ya cika alkawari, ya cire baturan ya zuba a aljihu. An kafa allunan ƙarfe uku a wurare daban-daban, babu wanda aka gaya wa nisansu, tsayinsu kawai aka faɗa. Kowa harsashi goma. Wanda ya sami shida ya ci.

Guduma ya kwanta, ya kafa gindin bindiga a kafaɗa. Allon farko na kusa ne, ya sami uku cikin uku. Na biyu ya ɓarar da ɗaya, ya gyara, ya sami biyu. Biyar ke nan. Saura allon ƙarshe da harsashi huɗu.

Ya leƙa. Allon can ƙarshen fili, ɗan mitsitsi, yana rawa a cikin zafin rana. Tsayinsa mita ɗaya da rabi, ya rufe layi biyu. Ya rubuta a bayan hannunsa, ya ninka, ya raba. Saba'in da biyar.

Ya dubi lambar, ya dubi allon. Da mita saba'in da biyar ne, da dutse ma sai ya same shi. Dariya ta taso masa, ya danne ta har kafaɗunsa suna girgiza.

"Lafiya, Kofur?" in ji Kyaftin daga bayansa.

"Lafiya lau, Yallaɓai. Sifiri ɗaya ne ya gudu, na kamo shi."

Ɗari bakwai da hamsin. Ya duba jadawali, ya murɗa maɓallin yana ƙirgawa. Ya ja kunama. Ƙura ta tashi a damar allon. Ya sake, ta ƙara tashi a dama, kusa kaɗan. Saura biyu, kuma har yanzu biyar gare shi.

Ya ɗaga kai daga madubin. Tutar da ke kusa da shi tana ɗan kaɗawa ne kawai, amma can tsakiyar fili ciyawa ta kwanta sosai. Iskar can ta fi ta nan. Ya ƙara murɗawa hagu, ya saki rabin numfashi, ya ja.

Shiru. A wannan nisan sai harsashi ya je, sannan ƙarar ta dawo. Ya ƙirga a zuci, ɗaya, biyu, uku.

Tan!

Bai taɓa jin ƙarar da ta yi masa daɗi haka ba. Don murna ya matso da ido dab da madubin ya saki na ƙarshe. Bindigar ta yi baya, bakin madubin ya sare shi a gira. Jini na zuba yana ƙirgawa, sai ga wata tan ɗin ta iso. Bakwai cikin goma.

Tsinke ya sami tara, ya kuma tabbatar kowa ya ji. Saje ya sami shida cif, ya tashi ya kakkaɓe kakinsa kamar ba a yi komai ba, amma gashin bakinsa sai rawa yake. Cikin goma sha biyu, goma sha ɗaya suka ci.

Kyaftin ya daɗe yana duba takardar. "A sauran bataliyoyi rabi ne suke wucewa a karon farko. Me kuka ci?"

Suka dubi juna. Saje ya taka gaba ya sara masa.

"Yallaɓai, muna da malama."

Tun daga farkon layi Malama ta jiyo su. Mutum shida ne suka ɗauko Guduma a kafaɗa, suna nishi suna waƙar fareti, shi kuma yana sama da filasta a gira. Inna ta fito da gudu, ta manta da sandar da ta saba dogarawa tun lokacin jinya.

"Wayyo, sun harbe min ɗa!"

"Inna, bindigarsa ce ta sumbace shi," in ji Tsinke. "Ya ci! Duk mun ci!"

Suka dire shi a gaban Malama. Ya miƙa mata bayan hannunsa. Ta karanta saba'in da biyar ɗin da aka soke, da ɗari bakwai da hamsin a ƙarƙashinsa. Ta riƙe hannun da nata biyu, ba ta sake shi ba har suka shiga gida.

Bayan kwana biyu Kyaftin ya zo da kansa. Ya cire hula a bakin ƙofa, ya gaida Inna da ladabi, ya ce akwai mutum arba'in da za su fara kwas a wata mai zuwa, ko Malama za ta yarda ta riƙa ba su awa ɗaya da yamma a ajin bariki, da takardar izini da komai.

Malama ta dubi mijinta. Shi kuwa ƙirjinsa ya riga ya cika falon.

"Zan yi," ta ce, "amma da sharaɗi. A ajina babu mai yi wa wani tsawa don bai gane ba."

"An yarda."

"Ni ma ina da nawa," in ji Inna. "Yaranka sun karya min ƙafar kujera, sun shanye min ganyen shayi."

Kyaftin ya yi dariya ya ce kafinta zai zo gobe da safe, shayi kuma shi da kansa zai kawo.

Ranar farko Malama ta isa ajin da jakarta a kafaɗa, Guduma yana biye da ita ɗauke da kwalaye arba'in da suka yi mako suna liƙa wa rula. Tana sa ƙafa a ciki, mutum arba'in suka miƙe lokaci guda, takalma suka buga ƙasa, tagogi suka amsa. Ta firgita, alli ya faɗi daga hannunta. Sojoji uku suka yi rige-rigen ɗaukowa har suka yi karo da kai.

"Ku zauna, don Allah, kada ku rushe ginin," ta ce tana dariya. Suka zauna. Ta bi fuskokinsu da kallo, manya da ƙanana, kowa ya ƙura wa allo ido kamar za a yi masa allura.

"Wanda rabawa take ba shi wahala ya ɗaga hannu."

Babu wanda ya motsa. Can sai wani mai furfura a layin gaba ya ɗaga nasa a hankali. Na kusa da shi ya bi. Kafin Guduma ya gama raba kwalayen, hannuwa sun fi ashirin a sama.

"Madalla," in ji Malama. "Kowa ya ɗauki kwalinsa, mu fita waje."